Dodannin Cikin Cingam

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki suka koma bariki, manya ba su da zance sai na zaɓe da rantsar da farar hula. Mu kuwa yaran layinmu na Fagge ba mu da zance sai na wani cingam. Shi kansa cingam ɗin ba abin a zo a gani ba ne, da ka ɗan tauna shi zaƙin zai gudu ya bar ka da roba a baki. Abin da ke cikin takardarsa shi ne magana: ɗan kati mai sheƙi, bai cika tafin hannu ba, ɗauke da hoton wata halitta da babu irinta a daji ko a ruwa.

Ina 'yar shekara goma ko kusa da haka. Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da Yaya, wanda ya girme ni da kaɗan. Yaya yana da sikila. Idan damina ta kama, sanyi ya shiga ƙashinsa, sai ya yi kwana da kwanaki a kwance yana cije leɓe. Ko da lafiyarsa lau, an hana shi ƙwallo, an hana shi shiga ruwan sama, an hana shi tsere da yara. Wurinsa shi ne soron gidanmu, a kan tabarma, inda yake hango layi ta bakin ƙofa yana zane da biro a bayan tsofaffin kwalaye.

Abokinsa na aji ne ya fara kawo mana katunan. Ɗan Ibo ne, a Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Mahaifiyarsa tana da shagon sarin biskit da alawa a kasuwar Sabon Gari, duk muna ce mata Mama. A shagonta cingam ɗin ya fara sauka, katan-katan. Yaron yakan biyo ta gidanmu bayan an tashi daga makaranta, ya yi sallama irin tamu, ya gaida Inna, ya cire takalmi ya zube kusa da Yaya. Rannan sai ya zaro wani abu daga aljihun wandonsa, ɗaure da robar gashi, ya baje a tabarma.

Na bar wanke-wanken da nake yi na zo na tsaya a kansu. Ga wani zakara mai ƙafa huɗu, walƙiya tana fita daga tukkunsa. Ga mage mai jela uku. Ga ƙadangare yana aman wuta, ga kifi mai gemu da hannaye. Akwai wani kunkuru da itace ya tsiro masa a gadon baya, idonsa a lumshe, ko a jikinsa.

A ƙasan kowane hoto akwai rubutu, amma ba boko ba ne, ba ajami ba ne. Wasu 'yan zane-zane ne kamar sawun kaji. Har wurin wani mai gyaran rediyo a Bata, nan kusa da kasuwa, aka kai kati ɗaya, don an ce ya taɓa aiki da 'yan Sin, ya jujjuya shi ya ce shi dai bai ga komai ba. Abin da muke iya karantawa lamba ce kawai, da wata 'yar alama a kusurwa: ko harshen wuta, ko ɗigon ruwa, ko ganye, ko walƙiya.

Tunda ba mai karanta sunayensu, Yaya ne ya raɗa musu. Zakaran Tsawa. Kifin Rijiya. Damon Murhu. Kunkurun nan ya ce masa Mai Kuka, don itacen bayansa ya yi kama da bishiyar kuka. Shi ne kuma ya tsara yadda ake karawa. Kowa ya kifa katinsa, a buɗe lokaci ɗaya. Ruwa yana kashe wuta, wuta tana cin ganye, ganye yana shanye ruwa. In alama ta zo ɗaya, sai a duba lamba. Walƙiya ce ta ba mu wahala, aka yi ta gardama a kanta, har Yaya ya yanke cewa tana cin kowa amma sau ɗaya ake fito da ita a wasa, tunda tsawa ma ba kullum take faɗowa ba.

Kafin wani lokaci soronmu ya zama dandali. Yaran da a da suke wuce Yaya da ƙwallo a hammata, ko kallon soron ba sa yi, yanzu su ne suke layi suna miƙo masa kati.

"Yaya, wannan mene ne ƙarfinsa?"

Sai ya karɓa, ya ɗan nisanta shi da fuskarsa kamar mai duba zinare. "Wannan ai ɓera ne na ƙarƙashin ƙasa. In ya ga za a ci shi, nutsewa yake yi. Ba ya ci, amma ba a cin sa."

Shi ke nan, magana ta zauna. Har yaran Sabon Gari suna tsallako titi su zo a yi musaya, kowa da nasa ɗaurin. Ni kaɗai ce mace a cikinsu. Da farko sun ce wasan maza ne, sai da na cinye ɗan maƙwabtanmu, jikan wata Bayarabiya mai sayar da atamfa, har ya tashi yana ƙunƙuni, sannan suka matsa mini wuri. Ina ajiye nawa a gwangwanin madara. Wanda na fi so shi ne Mai Kuka, ko da yake lambarsa ƙarama ce, ba mai son musaya da shi. Yaya ya ce ƙarfinsa shi ne jira: in aka buɗe shi, abokin karawa sai ya zauna zagaye ɗaya bai yi wasa ba.

Abin da na fi tunawa a watannin nan shi ne muryar Yaya. Da can ba shi da yawan magana. Yanzu daga tsakar gida ana jiyo shi yana dariya, yana raba gardama, wani lokacin har yana tsawa. Inna takan tsaya da tsintsiya a hannu ta saurara, sannan ta ci gaba da shararta. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce, "Yaron nan yau baki ya buɗe."

Ana cikin haka magana ta ɓullo. Wata ranar Asabar malaminmu na Islamiyya, dattijo mai sanyin hali wanda bai cika dukan yara ba, ya kama wasu suna musayar kati a bayan aji. Ya karɓa ya daɗe yana kallo. Ya ce shi bai san ko su mene ne ba, kuma abin da mutum bai san asalinsa ba, bai kamata ya cusa shi a aljihu yana shiga da shi ko'ina ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Amma kafin maganar ta kai ƙarshen layi ta yi 'ya'ya. Aka ce hotunan aljannu ne. Aka ce rubutun jiki tsafi ne. Aka ce wani yaro a wata unguwa ya kwana da su a ƙarƙashin matashi ya tashi ba ya magana, ko da yake ba wanda ya san unguwar, balle yaron.

Ranar Litinin abokin Yaya ya zo hannu rabbana, idonsa ja. Ya zauna, Yaya ya taɓa shi.

"Ina naka?"

"Mama ta ƙone su. Jiya a coci fasto ya ce na shaiɗan ne. Muna dawowa gida ta juye su a garwashin kurfoti, har da Zakaran Tsawa. Ragowar cingam ɗin ma ta mayar wa dilan da ya kawo mata."

Inna tana daga bakin ƙofar tsakar gida, ta ji komai. Ta ce, "To kun ji. Masallaci ya faɗa, coci ta faɗa. Abin da ya haɗa malam da fasto baki ɗaya ai ba ƙaramin abu ba ne. Ku tattaro mini su."

Na rungume gwangwanina na fashe da kuka. Yaya bai yi kuka ba. Ya tattara nasa, ya daidaita gefensu a hankali, ya ajiye a gabansa, ya juya fuskarsa bango. Wannan juyawar ita ta tsayar da Inna. Ta san ta, irin wadda yake yi ce in ciwo ya taso. Ta ce to a bari Malam, wato Baba, ya dawo.

Baba ma'aikacin reluwe ne, a tashar jirgin ƙasa yake. A lokacin jirgi ba ya yawan zuwa, don haka yakan dawo da wuri, da 'yar rediyonsa a hannu. Bayan la'asar ya shigo ya tarar da gida tsit. Inna ta kora masa bayani tun bai ajiye hula ba, ta ƙare da cewa murhu yana nan da wuta.

Baba ya zauna a kujerar tsugunno, ya kashe rediyo. "Haba, ai zamanin a kama a ɗaure ya wuce," in ji shi. "Yanzu farar hula ke mulki. Ko ɓarawo sai an ji ta bakinsa. Kai, kawo su nan. Uwata, share hawayenki, kawo naki." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Baba ya ɗauki kati ɗaya ya nuna wa Yaya. "Wannan wane ne, kuma me yake yi?"

Yaya ya fara a hankali, murya can ƙasa. Kifin Rijiya ne, yana tsotse ruwan abokin gaba. Wannan Damon Murhu ne, in ya fusata jelarsa ce take kamawa da wuta. Baba yana gyaɗa kai kamar ana karanta masa rahoton aiki. Can ya tambaya, "Wa ya gaya maka duk wannan? A jikin rubutun yake?"

"A'a, Baba. Ba mai iya karanta rubutun. Ni na ƙirƙira."

"Duka?"

"Duka."

Baba ya dubi Inna. "To kin ji. In akwai aljani a cikin abin nan, ga shi nan zaune, ke kika haife shi."

Inna ta kusa dariya, amma ta danne. Ta ce ita ba a yi mata wayo da zance. Sunaye dai yaro ya sa, ta yarda, amma hotunan fa? Ta zaro wani daga cikin tulin, baƙi ƙirin mai ƙaho da jajayen idanu, haƙora a waje. "Wannan kuma fa, Malam? Wannan ne za ka bari ya kwana a ɗakin da nake salla?"

Baba ya karɓa ya duba. Ya ce gaskiya wannan ko shi ba ya son su haɗu a lungu. Daga nan aka yi sulhu: Inna ce za ta tace. Wanda ta ga dabba ce ta Allah da aka yi wa ƙari, ya zauna. Wanda ranta bai kwanta da shi ba, ya tafi. Kuma ko waɗanda suka tsira, a soro za su zauna, ba za su shiga ɗaki ba, ba za su je Islamiyya ba.

Haka Inna ta zauna ta miƙe ƙafa, tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. "Wannan mage ce, jela ce ta yi mata yawa. Ta zauna. Wannan ba shi da fuskar arziki. Wuta." Da ta zo kan ƙadangaren ta yi jim, ta ce ya yi kama da wani kawunta in an taɓa masa goro, ta ajiye shi a ɓangaren masu zama. Can aka zo kan Mai Kuka. Ta kalle shi ta ce, "Wannan bawan Allah barci ma yake yi," ta miƙo mini. Abokin Yaya yana rakuɓe a gefe yana kallo. Da aka gama, kusan rabi sun tafi murhu, kuma yawancinsu masu manyan lambobi ne, don masu ƙarfin su ne masu munin. Hayaƙinsu wari gare shi kamar an ƙona leda.

Sauran gidajen layin ba a yi irin wannan zama ba. Wasu an ƙone, wasu an watsa a kwata. Cingam ɗin ma ya ɓace daga teburan masu alawa. Soronmu ya koma shiru, sai mu uku da ɗan abin da ya rage, kuma wasa ba ya daɗi in kowa ya haddace katin hannun kowa.

A makon ne ruwa ya sauko sosai, ciwon Yaya ya tashi, aka kwantar da shi a asibiti. Da ya fara samun sauƙi ya ce a kawo masa biro da kwalin sukari da almakashin Inna. Na zaci dodannin da aka ƙone zai sake zanawa. Da na kai masa kunu, sai na tarar ya yanka kwalin daidai girman kati, ya zana dutsen guga irin na gawayi, ya yi masa ƙafafu da baki, garwashi yana leƙowa ta haƙoransa.

"Wannan wuta ne," ya ce. "Ƙarfinsa, duk wanda ya taka sai ya miƙe sumul."

Na biyun kan jirgin ƙasa ne mai ƙahon bijimi, wanda Yaya ya ce ya fi kowa ƙarfi amma sai an yi ta jira kafin ya iso. Da Baba ya gani ya yi dariya har da tari, ya karɓa ya kai wa abokan aikinsa su gani. Sai injin markaɗe mai hannu shida. Sai tulu mai fukafuki. Sai sauro sanye da hular kwano, wanda ya ce a nan gadon asibiti suka saba. Wata nas da take zuwa duba ƙarin ruwan da aka sa masa ta ce sai ya zana allura, ya zana ta da ƙafa ɗaya tana bin yaro a guje. Ta karɓa ta soke a aljihun rigarta.

Da aka sallamo shi, wasa ya dawo soro da katunan kwali. Ba su da sheƙi, in hannu da gumi biron yakan zuba, amma ba wanda zai ce dutsen guga aljani ne. Yara suna kawo kwalin sukari da na ashana da na shayi, su faɗi abin da suke so, Yaya ya zana. Wani ya ce a yi masa akuyar gidansu da haƙoran zarto. Jikan mai atamfa ya ce shi keken ɗinki yake so, mai harbi da allura. Ni na zama mai yanka kwali da shafa kala, don Baba ya sayo mana fensir masu launi a titin Ibrahim Taiwo.

Abokin Yaya ya fi kowa samu, don Yaya ya ce shi aka fi yi wa asara. Amma ba ya tafiya da su gida, a wurinmu yake bari. Wata rana ya manta da guda biyu a aljihu, Mama ta gani wajen wanki. Washegari ya zo ya ce tana kiran Yaya.

Inna ta ce ai sai a je, babba ba ya kira a ƙi. Ta sa Yaya ya sa rigar sanyi ko da yake rana ta fito, ta ce in raka shi, mu bi a hankali. Daga gidanmu zuwa kasuwar ba nisa, amma Yaya ya daɗe bai yi tafiya irin wannan da ƙafarsa ba. Muka ratsa ta cikin masu tura kura da 'yan acaɓa, muna tsayawa yana hutawa a inuwar rumfuna.

Mun sami Mama a bakin shago, mace mai jiki, ɗaurin ɗankwalinta kamar zai taɓo rufi. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta sa aka kawo wa Yaya benci, ta tambayi jikinsa, ta tambayi Inna. Sannan ta buɗe tafin hannunta, ga injin markaɗe da tulu mai fukafuki, ruwan wanki ya ɗan taɓa su.

"Ɗana, kai ka yi wannan?" Hausarta ba ta kai ta ɗanta ba, amma ana ganewa sarai.

"Ni ne, Mama."

"Da hannunka? Ba ka kwafa a wani wuri ba?"

"Da hannuna."

Ta daɗe tana kallon injin. Ta ce irinsa ne sak da na maƙwabciyarta, wanda yake hana ta barcin rana, kuma ita ma ta sha zargin hannu shida gare shi. Sai ta nuna saman shagonta, inda wani tsohon allo yake rataye, rana da ruwa sun cinye rubutunsa. Ta ce mai fentin da ta yi magana da shi ya yi ta yi mata yawo da hankali. Za ta sayi fenti da burushi, ta aiko da sabon katako har gida. Tana son biskit da alawa a jiki, manya, yadda mai wucewa a mota zai gani.

"Amma ka ji," ta ɗaga yatsa, "ban da ƙafa. Ban da haƙori. Biskit kawai."

Yaya ya ce to. A hanyar dawowa bai tsaya hutawa ba sai sau ɗaya, yana ta lissafa kalolin da zai haɗa.

Allon ya ɗauke shi kusan mako biyu, a soro, an jingina katakon da bango. Bai taɓa riƙe burushi ba, fentin ya yi ta zuba, ya goge ya sake. Warin fenti ya cika gidan, Inna tana mita tana kuma kawo masa tsumma. Yara suka rage zuwa wasan kati suka koma zuwa kallon aiki, daga baya ma aka shiga yayin tayar keke da langa, katunan suka koma gwangwani. Ranar da aka ɗaga allon a saman shago, Baba ya bar tasha ya zo ya tsaya a tsallaken hanya, hannu a baya, yana kallo. Biskit ɗin ya ɗan karkace, alawar kuma ta fi shi girma. Mama ta ce haka ma ya fi, alawa ce ta fi tafiya. Ta cika mana leda da biskit, ta ce a kai wa Inna.

Mai shagon takalma na kusa da ita shi ne ya fara tambaya wa ya yi, sai wata mai abinci, sai wani mai gyaran agogo a Bata. Kafin Yaya ya gama sakandare, in ka bi wasu layukan kasuwar za ka yi ta cin karo da hannunsa. Ciwon bai rabu da shi ba, har yau yana kwantar da shi in damina ta yi nauyi. In ya tashi sai ya koma shagonsa da ke nan Fagge, inda yanzu yake da injin buga alluna da yara masu koyon aiki. Abokin nasa yana Legas da iyalinsa, suna waya duk sallah da kirsimeti, su yi ta gardamar ƙwallo, wadda har yanzu Yaya bai taɓa bugawa ba.